Yawon Yini Guda a Jirgin Ruwa Zuwa Tsibiri Don Iyo: Tambayoyi da Amsoshi Ga Mai Ƙaramin Guzuri

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin mutanen da suke shirin shiga jirgin ruwa na haɗaka, tare da ɗan jagora, domin su yini a wani tsibiri, su yi iyo, su dawo kafin dare ba tare da sun kashe kuɗi mai yawa ba. An sa wa kowace tambaya lamba saboda amsoshin suna jingina da juna.

1. Mene ne ainihin irin wannan tafiya, kuma yaya yinin yake gudana?

Tafiya ce da baƙi da dama, waɗanda galibi ba su san juna ba, suke haɗuwa a jirgi ɗaya, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Akan taru da safe a tashar jiragen ruwa ko a bakin gaɓa, a rubuta sunaye, a raba rigunan ceto, sannan a tashi. Jirgin yakan tsaya sau ɗaya ko sau biyu a wurin da ruwa yake kwance domin masu iyo su sauka, daga nan a wuce tsibirin, a yi sa'o'i kaɗan, a juyo da la'asar. Ana yin irin wannan a wurare da yawa na duniya: daga Zanzibar zuwa tsibirin Canguu mai manyan kunkuru, daga Malta zuwa Komino, daga Fuket na ƙasar Tailan zuwa tsibiran Fi Fi, daga Kankun na Meziko zuwa Isla Muheres. Tsarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Abin da ya kamata mutum ya sani tun farko shi ne, idan an ce tafiyar ta sa'a takwas ce, ba sa'a takwas zai yi a cikin ruwa ba. Jiran waɗanda suka makara, lodin fasinja, tafiya da dawowa, duk a ciki suke, kuma sau da yawa lokacin iyo na gaske bai wuce sa'a biyu zuwa uku ba.

2. Me ya sa wasu tafiye-tafiyen suke da araha sosai? Ko akwai lauje cikin naɗi?

Ba kullum ba. Babban abin da mai jirgi yake kashewa shi ne mai, sai albashin ma'aikata da gyaran inji, kuma waɗannan ba sa canzawa sosai ko mutum goma ne a ciki ko arba'in. Saboda haka idan ya cika jirginsa, kuɗin da ya faɗo kan kowane fasinja yakan ragu. Haka kuma jirgin katako mai tafiya a hankali ya fi mai gudu sauƙin mai, tsibiri na kusa kuma ya fi na nesa araha. Wannan araha ce ta halal, kuma abin da mutum zai rasa a cikinta bai wuce sarari, kujera mai laushi da 'yancin zaɓar lokacinsa ba.

Arahar da ake tsoro ita ce wadda aka samo ta hanyar rage abin da yake kare rai: ɗaukar mutane fiye da ƙa'ida, rashin isassun rigunan ceto, tsohon injin da ba a kula da shi, matuƙin da ba shi da lasisi, ko fita a ranar da sauran jirage suka ƙi fita. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma ado ba shi ne abin damuwa a nan ba. Mutum zai iya haƙura da benci mai tauri da cunkoso, amma bai kamata ya haƙura da ko ɗaya daga cikin waɗancan biyar ba. Tambaya ta 4 ta bayyana yadda ake bambance su.

3. Me kuɗin tikiti ya ƙunsa, kuma me ake yawan bari a waje?

A tambaya dalla-dalla kafin a biya, kuma a nemi amsar a rubuce, ko da a saƙon waya ne. Abubuwan da aka fi barin su a waje su ne kuɗin shiga tsibirin idan yana cikin yankin da gwamnati ta keɓe, harajin tashar jirgi, hayar gilashin kallon ƙarƙashin ruwa da bututun numfashi, kujera da laima a bakin gaɓa, motar da za ta ɗauko mutum daga masaukinsa, da ruwan sha. Idan aka tara waɗannan, wani lokaci tikitin da ya fi tsada a farko shi ne yake zama mafi araha a ƙarshe. Yana da kyau a riƙe ɗan kuɗi tsaba a cikin leda mai hana ruwa, domin ƙananan tsibirai da yawa ba su da na'urar cire kuɗi, wasu ma sabis ɗin waya bai kai su ba.

4. Ta yaya zan gane mai jirgin da za a iya dogaro da shi?

Ido ya fi takardar talla gaskiya. Wanda yake da hali ya je tashar da yamma, kwana ɗaya kafin tafiyarsa, ya tsaya ya kalli jiragen suna dawowa. Zai ga wane jirgi ne ya nutse da nauyi har ruwa ya kusa kai bakinsa, wane ne fasinjojinsa suke sanye da riguna, wane ne ma'aikatansa suke miƙa wa tsofaffi hannu wajen sauka, wane ne kuma yake fitar da baƙin hayaƙi. Jirgin haya mai rajista yakan kasance da lamba a jikinsa da takardar da ta faɗi adadin mutanen da aka yarda ya ɗauka, kuma babu laifi a tambayi wannan adadi a kwatanta shi da kawunan da ake gani.

Bayan haka akwai tambayoyi huɗu da mai gaskiya yake amsawa ba tare da ya haɗe rai ba: shin akwai rigar ceto ga kowa har da yara, shin akwai rediyon kiran agaji a jirgin (na VHF, wanda tasharsa ta 16 ita ce ta neman ceto a duk duniya), shin akwai wanda ya iya taimakon gaggawa, kuma me ake yi da kuɗin mutane idan iska ta hana fita. Wanda ya amsa da "kada ka damu, ba abin da zai faru" bai amsa komai ba. Alama ta ƙarshe tana zuwa ne bayan an zauna: jirgin kirki ba ya tashi sai an yi wa fasinja bayanin inda riguna suke, inda ba a zama, da lokacin da za a juyo.

5. A ina ya fi dacewa in sayi tikiti: a intanet, a otal, ko wurin masu talla a bakin gaɓa?

Kowanne da amfaninsa. Na intanet yana ba mutum damar karanta abin da waɗanda suka riga shi suka faɗa, kuma sharuɗɗan mayar da kuɗi a rubuce suke. A fi mai da hankali ga ƙorafin da ya maimaitu a 'yan watannin nan, musamman na cunkoso da rigunan ceto. Otal yakan ɗora la'adarsa, amma idan matsala ta taso akwai wanda za a koma wa. Masu talla a bakin gaɓa su ne suka fi sassauci wajen ciniki, sai dai yawancinsu 'yan kamasho ne, jirgin ba nasu ba ne, kuma hoton da suke nunawa ba lallai ne ya zama na jirgin da za a shiga ba. Idan da su za a yi, a nemi sunan jirgin, a gan shi da ido, a ba da kafin alƙalami kaɗan kawai, a karɓi rasit mai ɗauke da rana, lokaci da abin da aka yi alkawari.

6. Ban iya iyo ba. Zan iya zuwa?

Za ka iya, kuma mutane da yawa a kowane jirgi haka suke, sai dai kunya takan hana su faɗa. Wannan kunyar ce take jawo haɗari. Ka gaya wa ɗan jagora tun kafin a tashi, a fili, domin ya san wanda zai sa wa ido. Ka kuma tambaya ko akwai gaɓa mai yashi inda ake shiga ruwa da ƙafa a hankali, domin wasu tafiye-tafiyen ba sa sauka a gaɓa ko kaɗan, jirgin yakan saki anka, wato ƙarfen da yake tsayar da shi wuri ɗaya, a wuri mai zurfi mutane su dira daga cikinsa. A irin wannan wuri, wanda bai iya iyo ba kada ya shiga sai da rigar ceto da aka ɗaure daidai, da igiya ko zoben ceto a kusa, da ma'aikaci a cikin ruwan tare da shi.

Gaskiya ne ruwan teku ya fi na kogi ɗaga jiki, saboda kowace lita tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, amma wannan ba ya maye gurbin iya iyo. Haka kuma ruwa mai tsabta yakan yaudari ido: za ka hango yashin ƙasa garau kamar ƙafarka za ta taɓa shi, alhali zurfin ya ninka tsayinka biyu.

7. Duk rigunan ceto ɗaya ne? Yaya zan san tawa tana da kyau?

Ba ɗaya ba ne. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 12402 akwai matakai huɗu da ake rubutawa a jikin rigar: 50, 100, 150 da 275. Mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo a kusa da gaɓa, ba ta juya fuskar wanda ya suma sama. Mai lamba 100 ta ruwa ce mai natsuwa, mai 150 kuma an yi ta ne domin ta juya mutum rigingine, bakinsa da hancinsa su fita daga ruwa ko da ba ya cikin hayyacinsa. Ga wanda bai iya iyo ba, mai ƙeya mai kauri a bayan wuya ita ce abin nema.

Gwajin ba shi da wuya. Ka saka ta, ka ɗaure kowane maɗauri har sai ta kama jiki, sannan ka sa wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama da ƙarfi. Idan ta zamo har ta rufe maka haɓa da kunnuwa, ta yi maka yawa, kuma haka za ta yi a cikin ruwa: ita ta tashi sama, kai ka yi ƙasa. Ka duba ɗinkin, ka matsa soson da ke ciki. Wanda ya murmushe ko ya sha ruwa ya yi nauyi ya gama aiki. Rigar da aka cusa a ƙarƙashin benci, an ɗaure ta da igiya saboda kada a sace, ba ta da amfani a lokacin da jirgi ya karkata, domin wannan lokaci daƙiƙu ne kawai. A ƙaramin jirgi mai gudu a sa ta tun daga tashi har sauka.

8. Me zan ɗauka?

Ruwan sha fiye da yadda kake zato, hula mai igiya, tawul, kayan canji, riga mai dogon hannu mara nauyi, takalmin roba mai rufe ƙafa saboda duwatsu, man kare fata daga rana, magungunanka na yau da kullum, da jaka mai hana ruwa domin waya da kuɗi. Fasfo da kayan ado masu daraja a bar su a masauki, sai dai idan an ce dole a nuna shaidar mutum. Game da tufafin shiga ruwa, duk wanda yake son ya rufe jikinsa ya nemi yadin iyo mai kama jiki da saurin bushewa, domin tufa mai faɗi ta auduga takan sha ruwa ta yi nauyi, ta naɗe ƙafa, kuma tana iya maƙalewa a tsanin jirgi.

9. Ina fama da jiri da tashin zuciya a jirgin ruwa. Me zan yi?

Abin yana faruwa ne saboda saɓani tsakanin abin da ido yake gani da motsin da cikin kunne yake ji. Shi ya sa kallon waya ko zama a ɗakin ƙasa yake tsananta shi, kallon nesa kuma, inda sama ta haɗu da ruwa, yake sauƙaƙa shi. A zauna a tsakiyar jirgi inda motsi ya fi ƙanƙanta, a fuskanci gaba, a nisanci warin mai da hayaƙin inji, a ci abu mara maiƙo kafin tashi, kada a tafi da ciki wayam. Magungunan hana wannan jiri, irin su dimenhaidirinet da mekilizin, suna aiki ne idan an sha su rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin tashi. Bayan amai ya fara amfaninsu kaɗan ne. Suna sa barci da kasala, don haka wanda ya sha ya kula sosai wajen shiga ruwa mai zurfi, mai juna biyu da mai wata cuta kuma su tuntuɓi likita tukuna.

10. Jirgi mai gudu ko mai tafiya a hankali, wanne ya fi?

Mai gudu yana ƙara wa mutum lokaci a tsibirin, amma idan akwai igiyar ruwa, gabansa yakan tashi ya faɗo da ƙarfi, kuma an sha samun waɗanda suka ji rauni a ƙashin baya saboda zama a can gaba. Tsofaffi, masu ciwon baya, masu juna biyu da ƙananan yara sun fi dacewa da babban jirgi mai tafiya a hankali, wanda dama shi ne ya fi araha, kuma galibi yana da rumfa da banɗaki. Idan ba makawa sai mai gudun, su zauna daga baya.

11. Idan yanayi ya ɓaci fa? Wa yake yanke shawarar fita?

Matuƙi ne, a wasu wuraren kuma hukumar tashar jiragen ruwa takan hana fita gaba ɗaya. Amma fasinja ma yana da tasa shawarar, kuma ita ce ya ƙi shiga. Rana tana iya haskawa tas a gaɓa alhali iska tana kaɗawa da ƙarfi a tsakiyar hanya, don haka abin dubawa a hasashen yanayi shi ne ƙarfin iska da tsayin igiyar ruwa. A ma'aunin iska na Bofot, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya ya tsara a 1805, mataki na 4 shi ne inda fararen kumfa suke fara yawaita a kan ruwa, a na 5 ƙaramin jirgi yakan sha wuya, a na 6 kuma manyan igiyoyi sun fara tasowa, ba wurin kwale-kwalen yawon buɗe ido ba ne.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A ranar 5 ga Yuli, 2018, wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya kife a cikin guguwa yana hanyar komawa Fuket daga wani tsibiri, mutum 47 suka rasu, dukansu 'yan ƙasar Sin. Mai jirgin da ya soke tafiya ya yi asarar cinikin yini domin ya kare mutane, kuma irinsa ne ya cancanci a koma wurinsa washegari. Shi ya sa ba a son a ajiye wannan yawo sai ranar ƙarshe ta hutu, domin wanda ba shi da wata rana yakan matsa wa kansa da matuƙi lamba. Idan kuma aka ji tsawa ana cikin ruwa, a fito nan take, kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

12. Me ya sa ɗan jagora yake matsa mana mu tashi a wani takamaiman lokaci?

Yawanci saboda cikar teku da janyewarsa ne. A mafi yawan gaɓoɓin duniya ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin sa'a 24 da minti 50, lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana, bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa kuma ya fi girma a lokacin sabon wata da lokacin da wata ya cika. Akwai tudun yashin da yake bayyana na 'yan sa'o'i sannan ruwa ya shafe shi, akwai kuma mashigar da jirgi ba zai iya bi ba idan ruwa ya janye. A Bahar Rum bambancin kaɗan ne, amma a gaɓar Gabashin Afirka yana kai mitoci. Bugu da ƙari, iska takan ƙaru da yamma a wurare da yawa, ƙananan jirage kuma ba su da kayan tafiyar dare. Minti ashirin da mutum ɗaya ya ƙara yana ɗaukar hoto yana iya jefa kowa cikin wahalar dawowa.

13. Mene ne ruwa mai janyewa da ake yawan gargaɗi a kansa?

Igiyoyin ruwa suna turo ruwa gaɓa, shi kuma dole ya nemi hanyar komawa. Inda ya sami gurbi tsakanin tudun yashi ko kusa da duwatsu, sai ya taru ya zama kamar siririn kogi mai gudu daga gaɓa zuwa cikin teku. Gudunsa yana iya kai mita biyu da rabi a daƙiƙa ɗaya, wato ya fi gwanin iyo na gasar Olamfik sauri, kuma ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na ceton da ake yi a gaɓoɓi masu igiyar ruwa saboda shi ne. Babbar yaudararsa ita ce yakan yi kama da wuri mafi natsuwa: wani lungu mai duhun ruwa inda igiyoyi ba sa fashewa, kumfa da ciyayi kuma suna tafiya waje.

Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi. Abin da yake kashewa shi ne gajiyar wanda ya dage sai ya koma gaɓa kai tsaye. Idan ya kama ka, ka kwanta rigingine ka bar ruwa ya ɗauke ka, ka ɗaga hannu ɗaya ka yi kira, idan kuma kana da ƙarfi ka yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga cikinsa, sannan ka nufi tudu. Idan wani ka gani a ciki, ka jefa masa abin da yake yawo a kan ruwa ka kira ma'aikata. Mutane da dama sun rasu ne wajen ceton wani. A gaɓar da take da masu tsaro, tsakanin tutoci masu ja da rawaya ake iyo, jar tuta kuma tana nufin kada a shiga. Ƙananan tsibirai da yawa ba su da tuta ko mai tsaro, ɗan jagora ne kaɗai madogara.

14. Akwai ƙa'idar shiga ruwa daga cikin jirgi?

Akwai. Kada kowa ya sauka sai an kashe inji gaba ɗaya kuma matuƙi ya ba da izini, domin farfela tana yanka ko da a hankali take juyawa, hayaƙin inji kuma yakan taru a bayan jirgi, yana ɗauke da iskar guba mara wari. Kada a yi tsalle da ka a ruwan da ba a san zurfinsa ba. Kafin ka sauka ka tabbata an sako tsani, domin hawa jirgi daga cikin ruwa ba tare da shi ba ya fi ƙarfin yawancin mutane. Wajen hawa kuma kada ka tsaya a ƙarƙashin wanda yake kan tsanin. Da zarar ka shiga, ka ɗan tsaya cik ka lura ko ruwan yana tafiya da kai, sannan ka fara iyo ta ɓangaren da yake fitowa, domin dawowa ta zo da sauƙi lokacin da ka gaji. Masu nutso da riƙe numfashi su guji jan numfashi da sauri sau da yawa kafin nutsewa, domin hakan yana sa mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da wata alama ba. Barasa da iyo kuma ba sa haɗuwa.

15. Zan iya tafiya da yara?

Za a iya, muddin akwai rigar ceto daidai nauyin yaron, mai maɗaurin da yake bi ta tsakanin ƙafafu. Ta manya ba ta yi masa, robar hannu da ake hurawa kuma abin wasa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nutsewa ba ta zuwa da ihu: yaron yakan tsaya a miƙe a cikin ruwa, kansa a karkace baya, bakinsa yana shiga yana fita, ba ya iya kira. Saboda haka ƙaramin yaro ya kasance inda hannun babba zai kai gare shi, kuma a ayyana mutum ɗaya mai tsaro a kowane lokaci, wanda ya ajiye wayarsa. Idan manya sun yi yawa, kowa yakan ɗauka wani ne yake kallo.

16. Fatata baƙa ce. Ina bukatar man kare rana?

Kana bukata. Baƙar fata ta fi jure wa rana, amma ita ma tana ƙonewa, musamman a kan ruwa inda haske yake dawowa daga ruwa da farin yashi, iska kuma take ɓoye zafin. Mai lamba SPF 30 yana tare kimanin kashi 97 cikin 100 na hasken da yake ƙona fata. A shafa kafin a fita, a sake bayan kowace sa'a biyu da bayan fitowa daga ruwa, kada a manta da ƙeya, kunnuwa da bayan ƙafa. Ciwon kai, jiri da fitsari mai duhu alamun ƙarancin ruwa ne a jiki, mai su ya koma inuwa ya sha ruwa. Wasu wurare sun hana man da yake ɗauke da sinadaran da suke cutar da murjani (halittar teku mai kama da dutse), kamar Palau daga 2020 da Hawai daga 2021, kuma riga mai dogon hannu da aka ambata a tambaya ta 8 tana rage bukatar man.

17. Wace halitta ce a ruwa ya kamata in kiyaya?

Mutane sun fi tsoron kifin shak, amma waɗanda suka fi ji wa masu iyo ciwo su ne bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, murjani mai kaifi, da jelifish, wata halitta mai kama da farar leda mai zaruruwa masu harbi. Takalmin roba da ƙa'idar kada a taɓa komai suna maganin yawancinsu. Idan jelifish ta harbi mutum, ya fito, a wanke wurin da ruwan teku, a cire zaruruwan ba da hannu tsirara ba, kada a goge kuma kada a zuba ruwan sha, domin hakan yana ƙara fitar da dafin. Jiƙa wurin a ruwa mai zafi gwargwadon yadda fata za ta jure yana rage raɗaɗi. A yankuna masu zafi irin arewacin Ostireliya, inda ake da nau'i mai kisa, ruwan binega ake zubawa kuma a nemi asibiti nan take. Wahalar numfashi, ciwon ƙirji ko kumburin fuska bayan kowane irin harbi lamari ne na gaggawa.

18. Tsibirin da za mu je a cikin tafki yake, ba teku ba. Akwai bambanci?

Akwai. Ruwan da ba na gishiri ba bai kai na teku ɗaga jiki ba, manyan tafkuna kuma suna tayar da igiyar ruwa cikin ɗan lokaci. Abu mafi muhimmanci shi ne tsargiya, wadda ƙwayoyinta suke fitowa daga dodon koɗi su shiga ta fata. Tana nan a tafkuna irin su Malawi da Biktoriya, ba a kuma kamuwa da ita a ruwan teku. Wanda ya yi iyo a irin wannan ruwa ya je a gwada shi bayan wasu makonni ko da bai ji komai ba, domin maganinta, firazikwantel, yana aiki sosai. A kuma tambayi mutanen wurin game da kada da dorina kafin a sa ƙafa.

19. Shin zai yiwu jirgi ya tafi ya bar ni?

Ba kasafai ba, amma ya taɓa faruwa. A watan Janairun 1998 wani jirgi ya bar Amurkawa biyu, miji da mata, a wurin nutso a babban tudun murjani na Ostireliya, ba a lura ba sai bayan kwana biyu, kuma ba a same su ba. Shi ya sa kiran suna daga takarda ya fi ƙirga kawuna. Ka ɗauki hoton jirginka da sunansa, domin a tsibiri mai cunkoso jirage ashirin suna iya yin kama da juna, ka riƙe lambar ɗan jagora, ka yi yarjejeniya da maƙwabcinka na benci cewa kowa zai nemi ɗan'uwansa kafin a tashi, ka kuma sanar da wani a tudu sunan jirgin da lokacin dawowa.

20. Me ya sa ake hana iyo ko sauka a wasu wuraren da aka gani a hoto?

Saboda yawan jirage da ƙafafu yana lalata su. Hukumomin Tailan sun rufe gaɓar Maya a 2018 domin murjaninta ya farfaɗo, da aka buɗe ta a Janairun 2022 kuma sai aka hana iyo a cikinta. Ƙasar Filifin ma ta rufe tsibirin Borakay na wata shida a 2018 domin a tsaftace shi. Don haka a tambaya takamaimai a wane wuri za a yi iyo, kada a dogara da hoton talla. Kuɗin shiga da aka ambata a tambaya ta 3 da shi ake kula da irin waɗannan wurare. Tsayawa a kan murjani, ciyar da kifi, ɗaga tauraron teku (wata halitta mai siffar tauraro) daga ruwa da kwasar bawon dodon koɗin teku laifi ne mai tara a yankuna da yawa da aka keɓe, shara kuma a dawo da ita cikin jaka.

21. Idan ba a cika abin da aka yi alkawari ba, ina zan kai kuka?

A fara bambance canjin da yanayi ya tilasta, wanda aka yi bayaninsa a tambaya ta 11 da ta 12, da wanda aka yi don rage kashe kuɗi, kamar tsallake zango ko yanke lokacin tsibiri ba dalili. A na biyun, a yi wa ɗan jagora magana cikin natsuwa, domin sau da yawa shi ma ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi da yake dogaro da tukuici, sannan a kai ƙorafin ga wanda ya sayar da tikitin a ranar, tare da rasit da saƙonnin da aka ajiye. Idan kuwa abin ya shafi rai, kamar lodi fiye da ƙa'ida ko rashin rigunan ceto, a sauka tun jirgin yana ɗaure a tasha, a ɗauki hotonsa da lambarsa, a kai rahoto ofishin tashar jiragen ruwa ko 'yan sandan da suke kula da baƙi.